Sunan da Ramlatu ta Ɗora wa Jirgi

A Tandabawi ta Makka, lokacin da unguwar duk bukkoki ce da ɗakunan gwangwani, an yi wata mata ana ce mata Ramlatu Mai Baki Huɗu. Hausa a nono ta sha. Larabci a titin Makka ta tsince shi. Yaren Bangala da na Sin kuwa a bakin kwanon wanki ta same su, ba malami ba allo. Har ta koma ga Allah, in an nuna mata alif sai ta ce wa ya yar da tsinke.

A goye aka fito da ita daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Tafiyar ta ci shekara tara, ana noma a hanya ana gaba, don haka da ƙafarta ta shigo Makka. Iyayen ba su daɗe ba suka rasu, aka bar ta da wanta Hashimu, mai ɗiban ruwa a garwa biyu yana kai wa gidaje. Ta yi aure sau biyu. Na farko Allah ya karɓi abinsa, na biyu ita ta mayar wa uwarsa. Haihuwa kuwa Allah bai nufa ba.

Aikinta a gidan Shaihu Hassan yake, can Jiyad. Shaihu Hassan mudawwifi ne, wato mai saukar alhazai: shi zai ba su masauki, ya kai su ɗawafi, ya kai su Arfa ya dawo da su, ya ɗora su mota zuwa Jidda. Yawancin baƙinsa mutanen Bangala ne, sai ɗan tsirarun mutanen Sin. Ramlatu ta shiga gidan a matsayin mai wanki a benen mata.

Matan Bangala ƙanana ne, ga kunya, ga surutu in ba namiji kusa. Ramlatu takan ɗaga abu ta girgiza a gabansu har sai sun faɗi sunansa. Zagi ta fara iyawa, sannan sunayen ciwo, sannan sauran. Cikin shekara uku ta kai ana tsegumin surukai da ita. Sinanci kuwa wata tsohuwa ce ta bar mata. Tsohuwar ta kwanta ciwo jirgi ya tafi ya bar ta, ta yi shekara guda cur a gidan. Ƙafafunta a naɗe suke tun tana yarinya, ƙanana kamar dunƙulen hannu, kuma ba ta yarda kowa ya kwance su don alwala sai Ramlatu. Ramlatu ce ta goya ta tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, tsohuwa na baya tana mita. Kafin wani jirgin ya zo, Ramlatu na mayar mata da mitar da yarenta.

Ana nan sai zafin wata bazara ya kayar da Hashimu da garwarsa a kafaɗa, bai tashi ba. Matarsa dama ta riga shi. Suka bar ɗa guda, Ja'afaru, ko yaye ba a gama ba. Ramlatu ta goya shi ta ci gaba da wanki. A bayanta ya ji Bangalanci, a cinyar matan Sin ya yi barcin rana. Da ya kai sha bakwai, wani attajirin Bangala mai cinikin rama ya ji baƙin saurayi yana yarensu kamar a ƙauyensu aka yanke masa cibi, ya ce lalle sai ya tafi da shi Kalkata ya yi karatu. Ramlatu ta ɗinka masa riga biyu, ta daka masa kuka da daddawa, ta raka shi har tashar mota. Ba ta yi kuka ba sai da ƙurar motar ta kwanta.

Sai yaƙin Turawa ya tashi, jirage suka yi wuya. Aka yi ambaliyar da ruwa ya cika Harami, Ja'afaru bai dawo ba. Shekara tara Ramlatu na tare duk mai zuwa daga Kalkata tana tambaya ko ya ga wani dogo baƙi mai wushirya.

Ya dawo bayan an raba Indiya, da takalmi mai igiya, da tabarau, da wata takarda a cikin gilashi wadda ta ce ya karanci yaren Bangala da na Sin a jami'a. Sunansa ma ya ragu, ya koma Ustaz Ja'afar. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Yakan rubuta Sinanci da ɗan buroshi, kai ka ce sawun kaza ne aka jera da hankali. Shaihu Hassan ya tsufa, 'ya'yansa duk mata, sai ya damƙa masa mabuɗan gida ya ce shi ne wakili. Ramlatu ta yi kwana uku tana rabon alkaki a Tandabawi.

Abin ya faru ne ranar da ayarin farko na shekarar ya sauka. Da hantsi manyan baƙi na zaune a majalisa ana zuba shayi, Ja'afaru na tsaye yana jawabi. A sama kuwa wata mata ta yanke jiki ta faɗi saboda zafi. Ramlatu ta sauko da gudu, zani a ɗamare, hannu duk kumfa, ta tsaya a ƙofa.

"Jafaru! Kai Jafaru! Aika a kira mai magani, wata ta sume!"

Ta juya ga mazan ta faɗa musu da Bangalanci, irin na matan ƙauye, mai gishiri da yawa. Suka fashe da dariya. Wani lauya mai jan gemu, babbansu, ya share hawayen dariya ya tambayi Ja'afaru ko wace ce wannan.

Ja'afaru ya dube ta. Ya san tana ji, ai a bayanta ya koya. Ya ce da lauyan cikin Bangalanci mai santsi, "Tsohuwar mai wankin gidan ce. Tun ina yaro nake ganinta nan."

Ramlatu ta koma sama, ta yayyafa wa matar ruwa har ta farfaɗo, ta gama wankin da ta jiƙa.

Bayan la'asar ya same ta a bene tana kwashe shanya. Bai zauna ba.

"Gwaggo, kin gaji. Lokaci ya yi da za ki huta a gida."

"Au, yanzu na zama gwaggo? Da hantsi fa?"

"Ki fahimta. Mutanen nan manya ne, masu ilimi. Gidan nan zai koma kan tsari, komai da takarda da lokacinsa. Ba za a riƙa ihu a matakala ba."

"Matan fa? Wa zai ji su?"

"Ni. Shekara tara na yi ina karanta yarensu, Gwaggo. Ke abin da kike yi, wallahi, ba yare ba ne, hayaniyar kicin ce."

Ta ninke zanin da ke hannunta gida huɗu, ta ajiye. Ta ɗauki kwanon wankinta na jan ƙarfe, wanda dama nata ne, da shi ta shigo gidan shekara talatin da suka wuce.

"Mai wanki ka ce. Tayyib. Zan yi wanki."

Shaihu Hassan yana jin saukarta daga ɗakinsa. Bai leƙo ba. Ta riƙe wannan ma a ranta.

To, akwai wani abu a sana'ar saukar alhazai na wancan zamani. In jirgi ya tsaya a Jidda, alhazai na fitowa ɗaya-ɗaya ta wata ƙofa, a tambayi kowa: wane ne mudawwifinka? Sunan da ya fito daga bakinsa, gidan za a kai shi, ba gardama. Arzikin mudawwifi duka a wannan tambaya yake rataye. Ja'afaru ya san haka, shi ya sa yake zama yana rubuta wasiƙu masu kyau zuwa ga limamai da attajiran Bangala. Abin da ba a koya masa a jami'a ba shi ne inda sunan yake kwana. Mutumin ƙauye da ya sayar da gona zai tafi hajji ba ya karanta wasiƙar kowa. Wajen tsohuwar da ta je bara yake zuwa, ya tsuguna, ta ce masa, in ka sauka ka ce wane. Ya yi ta maimaitawa a jirgi kamar addu'a. Shekara talatin matan nan na kai sunan Shaihu Hassan ƙauyukansu, kuma ba don shayin majalisa ba.

Washegari Ramlatu ta nufi unguwar Jarwal, gidan wani ƙaramin mudawwifi, Shaihu Lurwanu, gurgu, mai haƙuri kamar jaki, wanda in ya sami baƙi talatin a shekara sai ya yanka akuya.

"Ya Shaihu, ɗaki nawa ne a gidan nan?"

"Shida, Hajiya. Biyu na yoyo."

"Baɗi ka nemi sittin."

Ya dube ta, ya dubi rana, ya ce a kawo mata ruwa mai sanyi.

"Ba rana ce ta taɓa ni ba. Ni dai sharaɗina ɗaya: benen mata nawa ne, ba mai hawa sai na ce."

Ya ce ya yarda, don ba ya musu da mahaukata.

Daga nan ta kafa kwanonta a farfajiyar Harami. Mutanen Bangala suna da al'ada: kowa na zuwa da farin yadin likkafaninsa daga gida, a tsoma a ruwan Zamzam, a shanya a kan tsakuwa, a koma da shi a ajiye sai ranar. Aikin na son mai ƙarfin hannu da zai matse ya ninke. Ramlatu ta zama mai wankin likkafani. Cikin kwana biyu matan gidan Shaihu Hassan suka gano ta, duk da ba sa fita sai an kaɗa ƙararrawa, don Ja'afaru ya rataye ƙararrawa a tsakar gida. In an kawo su salla sai su zame su kewaye ta, Ramla Khala kaza, Ramla Khala kaza, wato Inna Ramlatu a yarensu. Wannan cikinta na ciwo, waccan ba ta iya cin burodi, wata tana zargin juna biyu gare ta. Duk abin da ba a faɗa wa namiji mai tabarau.

Ramlatu na ji, tana ba da magani, tana ninke yadi. In ta miƙa wa mace likkafaninta sai ta riƙe gefe ɗaya ba ta saki ba.

"In kin koma, wa za ki ce wa masu zuwa?"

"Hassan."

"A'a. Lurwanu. Faɗi."

Sai mace ta faɗa sau uku, sannan ta saki yadin.

Aka hau Arfa aka sauko. Ranar da aka dawo daga Mina, Ja'afaru ya kaɗa ƙararrawa ya jera mutum ɗari huɗu, maza da mata, ya kai su babban ɗawafin hajji gaba ɗaya, ya tsaya a ƙofa da takarda yana yi wa kowane suna alama. Ya koma ya gaya wa Shaihu Hassan cewa abin da ake kwana biyar ana yi ya gama shi kafin azahar.

Kwana biyar ɗin nan kuwa da dalili ake yin su. A cikin mata ɗari da wani abu, dole a sami waɗanda ba su da tsarki a ranar. Da, Ramlatu ke sanin su, ta ware su shiru, ta kai su daga baya. Bana ba wanda ya tambaya, su kuma wa za su gaya wa? Suka bi layi har ƙofa, aka yi musu alama, suka zame cikin cunkoso suka rakuɓe a waje har aka fito. Mata goma sha ɗaya. Kuma wannan ɗawafin, in mace ta koma gida ba ta yi shi ba, hajjinta bai cika ba, mijinta ma bai halatta ya kusance ta ba, ga teku tsakaninta da Ka'aba.

Wadda ta kawo maganar ita ce Asiya Bibi, matar lauyan nan mai jan gemu. Ta durƙusa gefen kwanon tana kuka ba sauti.

Ramlatu ta san ƙofar baya ta gidan Shaihu Hassan kamar tafin hannunta, ta san lokacin da mai gadi ke gyangyaɗin rana. Da ta so, cikin mako guda ta fitar da su bibbiyu ta gama da su, ba wanda ya ji. Da ta so kuma, kalma ɗaya za ta aika wa Ja'afaru ya gyara abinsa. Ta yi tunanin duka biyun, ta daɗe tana matse yadi ɗaya har ya daina ɗiga.

"Ku yi shiru, kada ku gaya wa kowa," ta ce. "Ranar tafiya, gidan na hargitsewa, ba mai lura. Ku same ni a nan da sassafe. Ba wadda za ta hau mota da sauran ɗawafi a kanta, na ɗaukar muku alkawari."

Ranar tafiya motoci shida suka tsaya a ƙofar gidan Jiyad, an ɗaure kaya, an cika tuluna da Zamzam. Ja'afaru ya kira suna, mata goma sha ɗaya babu. Aka duba bene, aka duba banɗaki. Rana ta ɗaga, direbobi na zagi, jirgi kuma ba ya jiran kowa. Lauya ya kama Ja'afaru da faɗa, unguwa ta fito kallo.

Can sai ga Ramlatu ta ɓullo daga kan titi, kwano a ka, mata goma sha ɗaya a bayanta a jere kamar 'yan agwagi. Ba ta yi sauri ba. Ta zo gaban lauyan ta tsaya, ta ɗaga murya yadda na motar ƙarshe zai ji, da Bangalancinta na kicin.

"Alhaji, ga matanku. Mai wanki ta kai su ɗawafin da Ustaz ya rubuta cewa sun yi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Mazan aure ne, sun gane. Lauya ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya dubi takardar da ke hannun Ja'afaru, ya tofar da yawu gefe, ya hau mota. Asiya Bibi kuwa, kafin ta hau, ta zaro likkafaninta daga cikin kaya ta cusa wa Ramlatu a kwano. Ramlatu ta riƙe hannunta.

"Wa za ki ce?"

"Lurwanu," in ji Asiya Bibi, "gidan Ramla Khala."

Shekara ta zagayo. Da aka ce jirgin Bangala na farko ya kusa, Ramlatu ta hau bayan motar gawayi ta tafi Jidda, ita da rabonta da ganin teku tun ranar da aka tsallako da ita daga Sawakin. Ta sami wani akwati kusa da ƙofar tambaya ta zauna, ta fito da goro.

Ja'afaru na tsaye da sabuwar riga da motoci takwas da ya yi haya. Shaihu Lurwanu na can gefe da sandarsa da mota ɗaya.

Na farko ya fito, wani tsoho da tabarma a hammata. Aka tambaye shi. Ya rufe ido kamar mai karatun Fatiha ya ce, "Lurwanu, gidan Ramla Khala." Na biyu haka. Na uku haka. Wajen na arba'in mai tambayar ya ɗago kai ya ce wai wace ce Ramla Khala ɗin nan, waliyyiya ce? Ramlatu ta gutsiri goro. Shaihu Lurwanu ya zauna a ƙasa yana salati yana tambayar inda ake samun hayar mota. A jirgin mutum dubu da wani abu, sha tara ne suka ce Hassan. Bayan mako biyu 'yan tsirarun mutanen Sin suka iso, wani dattijo a cikinsu ya kwance gefen rawaninsa ya nuna sunan a rubuce, ya ce matar wansa ce ta ba shi.

Kwana uku da wannan, da hantsi, Ramlatu na tsince shinkafa a ƙofar bukkarta sai ga takalmi mai igiya ya tsaya gabanta, duk ƙura.

"Gwaggo."

Ba ta ɗago ba. "Wanki ka kawo? Ajiye can, akwai na gabanka."

"Gwaggo, don Allah. Shaihu ya ce ko in dawo da ke, ko in ajiye masa mabuɗansa."

"Shaihu yana da baki ashe. Na ɗauka ya kurumce tun bara."

Ya tsuguna, abin da bai yi ba tun da ya dawo daga Kalkata. Ya ce ya yi kuskure, ya ce ƙuruciya ce, ya ambaci Hashimu. Ta bar shi ya gama.

"Ɗauki kwanon can."

Ya ɗauka. Ta sa shi gaba daga Tandabawi har Harami, kwano a kansa cike da yadi, tabarau na zamewa da gumi, masu shaguna na leƙowa. A farfajiya mata sun fi hamsin suna jiranta, ga wasu tsofaffin Sin biyu a gefe.

"Gaya musu ko ni wace ce. Da yaren jami'a, yadda za su ji daɗi."

Ya faɗa da Bangalanci, cewa wannan gwaggonsa ce, ƙanwar ubansa, ita ta goya shi, a bakinta ya fara jin yarensu.

"Na baya ba su ji ba."

Ya ƙara da ƙarfi. Ya juya ya faɗa da Sinanci. Tsofaffin suka gyaɗa kai. Ramlatu ta saurara har ƙarshe, ido a rufe, kamar mai shan ruwan sanyi.

"To, Gwaggo, yaushe za ki dawo?"

"Na ce maka zan dawo?"

Ya gyara kwanon a kansa.

"Kwano na ce ka ɗauka. Kuma ko na dawo, Jafaru, me zan yi maka? Sunan nan ya hau jirgi tun bara. Yanzu yana ƙauyukan da ni ban san su ba, a bakin tsofaffin da ba sa karanta wasiƙa. Ni kaina ban isa in kira shi ya dawo ba. Ajiye kwanon a hankali, kada ka lotsa mini shi."

Ja'afaru ya mayar da mabuɗai a ranar. Ya koma Jidda, ya kafa tebur kusa da tashar jirgi yana rubuta wa alhazai wasiƙa zuwa gida, kuma an ce ba mai rubutu kamarsa. Bai sake taka Tandabawi ba. Ramlatu ta yi shekara tara tana mulkin benen Shaihu Lurwanu, wanda ya kai ga hayar gidaje huɗu kuma har ya mutu yana tsoronta. In maƙwabta suka ce ta yi wa ɗan nan tsanani, sai ta ce ai wanki ta yi, kuma ya fita. Amma duk wanda ya zo daga Jidda sai ta tare shi ta tambaya ko dogon nan mai wushirya ya rame.

Ta rasu ana saura kwana goma Arfa, gida cike da baƙi. Aka naɗe ta da yadin Asiya Bibi. Da aka fito da ita, liman ya tambaya ko akwai ɗan'uwa a wurin. Wani mai tabarau, kansa ya fara furfura, ya matso daga baya ya ce, "Ni ne. Gwaggota ce."

A hankali ya faɗa. Matan da ke bayan labule suka ce da tana ji, da ta ce ya ƙara da ƙarfi.